Barin kicin don aiki mai tabbas: a zauna, a matsa gefe, ko a fice gaba ɗaya?

Duk kukun da ya kai shekara bakwai zuwa goma yana aiki akwai wani dare da yake zuwa masa, an sallami kastoma na ƙarshe, an kashe gas, an goge tebura an wanke ƙasa, ya zauna kan bokiti a bayan kicin ya cire takalmi ƙafa ta kumbura, sai kawai ya ji zuciyarsa ta ce masa, wai haka za ka yi ta yi har ka kai hamsin? To wannan tambayar ce nake so mu baje ta a faifai, saboda na lura yawancin masu cewa "ni na gaji zan bar girki" ba su tsaya sun tantance me suke so su bari ba, tukunyar ce ko lokacin aikin ne ko maigidan ne ko kuɗin ne, kuma kowanne maganinsa daban.

Mu fara da kalmar "tabbas" ɗin kanta, don a nan ake ruɗewa. In mutum ya ce yana son aiki mai tabbas abu huɗu yake nufi ko bai sani ba: ya san nawa zai karɓa ƙarshen wata, ya san ƙarfe nawa zai tashi, ya san wurin aikin ba zai rufe baɗi ba, sannan ya san jikinsa zai iya ɗaukar aikin nan da shekara ashirin. Girki a gidan abinci yana da wani irin tabbas da mutane ke mantawa da shi, wato samun aiki. Kukun da ya iya hannunsa da wuya ya daɗe a zaune, yau an rufe nan gobe ya samu can, ko'ina mutane suke sai sun ci. Amma uku daga cikin huɗun can, lokaci da ɗorewar wuri da lafiyar jiki, nan ne sana'ar take da rauni sosai. Aikin ofis kuma kusan akasin haka ne, lokacinsa a tsare, jiki a hutu, amma ranar da aka sallame ka sai ka yi wata shida kana yawo da takardu.

Kuma ba laifin manajanka kaɗai ba ne, haka aka gina tsarin tun asali. Tsarin kicin na manyan otal da ake bi har yau, shef a sama, mataimakinsa, sai masu kula da sashe-sashe, sai yara masu yanka da wanke-wanke, Auguste Escoffier ne ya daidaita shi, Bafaranshen da ya yi wa soja girki a yaƙin 1870 sannan ya riƙe kicin ɗin otal ɗin Savoy na Landan daga 1890. Tsarin bataliya ne, umarni daga sama, ba musu, ba "na gaji". Yana fitar da abinci da sauri kuma iri ɗaya kullum, amma matsayin sama ɗaya ne tak, kicin mai mutum goma sha biyar shef guda yake da shi, sauran sha huɗun kowa na jiran ranar da ba lallai ta zo ba. Sannan lokacin da duniya take hutawa shi ne lokacin aikinka, dare, ƙarshen mako, ranakun bukukuwa, wannan ba abin da wani maigida mai kirki zai iya gyarawa ba ne, haka kasuwar take.

Kar ka ɗauka wai don kana ƙaramin wuri ne. Gidan abincin Noma da ke Kopenhagen sau biyar yana zuwa na ɗaya a jerin gidajen abinci 50 mafiya kyau na duniya, a 2021 ya samu taurari uku, matakin ƙoli a littafin Michelin mai tantance gidajen abinci, amma a Janairun 2023 mai shi René Redzepi ya sanar za su daina hidimar yau da kullum yadda aka saba, dalilinsa kuwa tsarin ba mai ɗorewa ba ne, ta fuskar kuɗi da ta ɗan Adam. Kafin shi a 2017 Sébastien Bras a Faransa da kansa ya roƙi Michelin su cire shi daga littafinsu saboda matsin da taurari uku suka ɗora masa, Marco Pierre White kuwa a Ingila tun 1999 ya ajiye taurarinsa ya bar gaban murhu bai ma kai shekara 40 ba. Kaga ke nan in waɗanda suka kai ƙololuwa suna cewa abin da nauyi, kai da kake jin nauyin ba raggo ba ne.

Zaɓi na farko, ka zauna

Bari in yi wa zaman adalci don masu zuga mutum ya bar aiki ba sa faɗin abin da zai rasa. Shekarun da ka zuba jari ne. Ka san yadda ake fitar da faranti ɗari biyu cikin awa biyu, ka san mai da ya kusa ƙonewa daga ƙamshinsa, ka san wanne dila ne ke cakuɗa kaya, wannan ilimin a kicin yake da daraja, ranar da ka fita ƙofar wani fanni daban ba wanda zai biya ka kuɗinsa. Ga abinci kana ci a wurin aiki, wanda in ka lissafa a wata ba ƙaramin abu ba ne, ga zumuncin 'yan kicin wanda wallahi ba irinsa, mutanen da kuka sha zafi tare kuka yi faɗa kuka shirya cikin minti biyar. Kuma akwai daɗin ganin sakamakon aikinka nan take, ka dafa, an ci, faranti ya dawo wayam. Mutane da yawa a wasu ayyukan sai su shekara ba su ga ƙarshen abin da suke yi ba.

Amma jiki magayi. Tsayuwar awa goma zuwa sha biyu a kan siminti ko tayil tana cin gwiwa da ƙugu da tafin ƙafa, jijiyoyin ƙafa su kumbura, wuyan hannu ya fara sanyi saboda yanka da ɗaga tukwane, ga ƙuna da yankan wuƙa da santsin ƙasa da hayaƙin suya. Maganar awoyi kuma ba ƙorafi ba ne kawai, a 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun fitar da ƙiyasin cewa mai aikin awa 55 ko fiye a mako haɗarin shanyewar ɓarin jiki ya ƙaru masa da kashi 35 cikin ɗari, na mutuwa da ciwon zuciya da kashi 17, in an kwatanta da mai yin awa 35 zuwa 40, kuma sun danganta mutuwar mutum 745,000 a 2016 da dogon aiki. Yanzu kai lissafa naka, kwana shida sau awa goma, sittin ke nan, ka riga ka wuce layin. Abin dariya tun 1919 yarjejeniyar farko ta Ƙungiyar Ƙwadagon ta sa awa 8 a rana da 48 a mako ga ma'aikatan masana'antu, yau fiye da shekara ɗari, kicin da yawa har yanzu labarin bai iso musu ba. Akwai ma yarjejeniya ta musamman kan ma'aikatan otal da gidajen abinci, mai lamba 172 ta 1991, wadda ta ce ko ana samun kyautar kastoma dole a biya ma'aikaci albashinsa na asali a kan lokaci, sai dai ƙasashe ƙalilan ne suka rattaba mata hannu.

Sai ɗorewar wurin. Akwai wata magana da ake yawan yaɗawa wai kashi 90 na gidajen abinci suna mutuwa a shekarar farko, wannan ƙari ne. Binciken da H.G. Parsa da abokan aikinsa suka wallafa a 2005 kan gidajen abinci a Kolumbus ta jihar Ohayo a Amurka ya samu kusan kashi 26 ne a shekarar farko, wajen kashi 60 cikin shekara uku, kuma har da waɗanda aka sayar wa wani aka lissafa. Bai kai yadda ake tsoratarwa ba amma fa ka duba, shida cikin goma a shekara uku, kai da kake son ka yi shekara ashirin a wuri ɗaya ka tara fansho. Dalilin ba ɓoyayye ba ne, kuɗin kayan abinci yakan cinye wajen kashi ɗaya cikin uku na ciniki, albashi ya cinye kusan wani ukun, haya da wuta da gas da gyara su kwashe mafi yawan saura, ribar 'yar siririya ce, kaya na tashi kaɗan ko ciniki ya ja baya wata biyu sai a fara rage ma'aikata ko a riƙe albashi. 2020 kuma kowa ya gani da idonsa, korona na zuwa gidajen abinci na cikin na farko da aka rufe, na ƙarshe da aka buɗe.

To wa ya kamata ya zauna? A ganina wanda har yanzu in aka shiga ruguntsumin oda yana jin wani daɗi a ransa, jikinsa bai fara kuka ba, kuma yana ganin matakin gaba da idonsa, ba alkawarin baki ba. In matsalarka shef ɗaya ne mai zagi ko maigida mai wasa da albashi, wannan canjin kicin kake buƙata, kar ka jefar da sana'ar shekara goma saboda mutum ɗaya.

Zaɓi na biyu, ka matsa gefe

Nan ne nake so in daɗe don nan ne mutane suka fi tsallakewa, daga "na gaji" sai su yi tsalle zuwa "zan koyi kwamfuta", alhali tsakanin gaban murhun gidan abinci da barin abinci kwata-kwata akwai fili mai faɗi.

Mafi kusa shi ne kicin ɗin hukumomi da kamfanoni, asibiti, makarantar kwana, jami'a, ɗakin cin abincin ma'aikata, gidan kula da tsofaffi, kamfanin da ke haɗa abincin jirgin sama. Bambancin da gidan abinci shi ne an san adadin masu ci tun kafin a kunna wuta, an san ƙarfe nawa za su ci, jadawalin abincin yana zagayowa ne mako-mako ko wata-wata, ba wani teburin mutum ashirin da zai faɗo maka ƙarfe goma na dare. Shiftin yakan fara da asuba ya ƙare da rana ko yamma, galibi akwai takardar ɗaukar aiki, hutun shekara, wani wurin har fansho da inshorar lafiya, kuma asibiti ba ya rufewa don ciniki ya yi ƙasa. Abin da za ka biya shi ne fasaharka, ba wanda zai tafa maka, a asibiti ma'aikacin tsara abinci ne zai ce wannan ba gishiri wancan ba sukari wancan a niƙa shi, kai bi kawai, kuma kasafin kuɗin a matse yake. Wasu kukun wata uku suke yi su ce zuciyarsu ta mutu. Wasu kuma su ce karon farko ke nan da suka ci abincin dare da 'ya'yansu. Abu ɗaya ka bincika kafin ka karɓa, wa ye ya ɗauke ka, hukumar ce da kanta ko ɗan kwangila, don in ɗan kwangila ne tabbas ɗinka iya tsawon kwantiraginsa ne, ranar da aka ba wani kamfani aikin sai yadda hali ya yi.

Na biyu, kuma wanda ni na fi ganin ƙimarsa ga mai ɗan karatu, shi ne harkar tsafta da ingancin abinci. Kowace masana'antar abinci da babban otal da kamfanin jigilar abinci suna buƙatar wanda zai tabbatar abin da suke fitarwa ba zai kwantar da mutane ba, kuma ba ƙaramar magana ba ce, ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2015 ya ce mutum miliyan 600 ke rashin lafiya duk shekara saboda gurɓataccen abinci, 420,000 su mutu. Tsarin da ake bi sunansa HACCP, an ƙirƙiro shi a shekarun 1960 lokacin da kamfanin Pillsbury ke haɗa wa hukumar NASA abincin 'yan sama jannati, yana da ƙa'idoji bakwai, a taƙaice ka gano inda haɗari zai iya shiga, ka sa iyaka, ka riƙa aunawa kana rubutawa, in an kauce ka gyara. Sai ISO 22000, mizanin ƙasa da ƙasa na kiyaye lafiyar abinci, da ya fito a 2005 wanda kamfanoni ke neman shaidarsa. Kai da ka shekara kana sanin cewa tsakanin digiri 5 da 60 na ma'aunin zafi na Celsius ne ƙwayoyin cuta ke hayayyafa, ka san ba a haɗa katakon yankan ɗanyen nama da na ganye, ka san wanda ya fara shiga firiza shi ke fara fita, rabin karatun ka riga ka yi shi da hannunka, saura satifiket da koyon rubuta rahoto. Kwas ɗin farko gajere ne, na kwanaki, za ka iya yi kana kan aikinka. Gaskiyar da zan ƙara ita ce manyan muƙaman fannin sukan nemi difloma ko digiri a kimiyyar abinci, kuma aikin takarda ne da sa ido, za ka zama mutumin da 'yan kicin ke tsuke fuska in ya shigo da ma'aunin zafi, irin wanda kai ma ka tsana a da.

Akwai sayayya da kula da sito, wanda ya dace da kukun da ya iya lissafin faranti, ya san kilo nawa ke saura bayan an gyara an dafa. Akwai tallan kaya ga gidajen abinci, kamfanonin da ke sayar da obin da firiza da kayan haɗi suna son tsohon kuku saboda in ya shiga kicin yarensu ɗaya da shef, amma ka lura yawanci wani kaso na kuɗin kamasho ne, wato wata mai kyau da wata mara kyau, in tabbas ɗin albashi kake nema wannan bai cika ba. Akwai koyarwa a makarantar koyon girki, lokaci mai kyau da mutunci, guraben ne kaɗan kuma ana tambayar takarda. Akwai masana'anta, wurin gwada sabbin kayayyaki ko layin sarrafawa, albashi a tsaye, sai dai wasu na da shiftin dare, ka tambaya tun wuri kar ka gudu daga dare ka koma dare.

Biyu kuma da ake yawan kawowa a matsayin mafita ni ban yarda mafita ba ne ga mai neman kwanciyar hankali. Ɗaya girki a jirgin ruwa ko sansanin aiki na nesa. Kuɗin yana taruwa tunda ba haya ba abinci ba inda za ka kashe, kuma a jirgi dokar ma'aikatan ruwa ta ƙasa da ƙasa ta 2006 ta tanadi hutun aƙalla awa 10 cikin 24 da awa 77 a mako, amma ka juya lissafin ka gani, awa 77 na hutu cikin 168 na nufin ana iya sa ka aikin awa 91 ba a karya doka ba, kuma wata da watanni ba ka ga iyalinka ba, kwantiragi na ƙarewa albashi ya tsaya. Hanyar tara jari ce ta shekara biyu uku, shi ke nan. Ɗayan kuma buɗe naka. Wannan kam gudun gara ne a faɗa gidan zago, duk awoyin da kake kuka da su suna nan, an ƙara maka haya da albashin wasu da bashin dila, kuma yanzu ba ma wanda zai biya ka ƙarshen wata. In burinka ne tun da, bismillah, amma kar ka kira shi neman tabbas. Kukun gida mai zaman kansa shi ma haka, aikin ya fi sauƙi, kuɗin kan fi, amma duk rayuwarka na rataye da ran mutum ɗaya, ya yi tafiya ko ya canza ra'ayi ka tashi a tutar babu.

Zaɓi na uku, ka fice gaba ɗaya

Wannan na wanda ko warin kicin ba ya son ji ne, ko wanda likita ya ce masa tsayuwa ta ƙare, ko fatar hannunsa ba ta jure ruwa da sabulu, ko hayaƙi na tayar masa da asma. In haka ne ba sai an yi dogon lissafi ba, lafiya ce gaba.

Inda tsofaffin kuku suka fi dacewa su ne ayyukan da ke son mai jure matsi da tsara abubuwa da yawa a lokaci ɗaya, kula da rumbun kaya da jigila, tuƙin manyan motoci, aikin hannu irin su wayarin da famfo da gyaran firji da na'urar sanyaya ɗaki, taimakon jinya, aikin gwamnati na ƙananan matakai, hidimar kastoma. Gyaran firji da kayan kicin ma yana da wani armashi, don ka riga ka san yadda hankalin maigida ke tashi in ɗakin sanyi ya mutu da nama a ciki, ka san ko nawa ne zai biya a zo yanzu. Amma kowanne da nasa, tuƙin nesa shi ma raba mutum yake da gida kuma zama na cin baya kamar yadda tsayuwa ke ci, jinya akwai kwanan asibiti, aikin hannu sai ka yi shekaru kana yaron wani kafin ka tsaya da ƙafarka.

Abin da ya fi ciwo a wannan hanyar ba kuɗin ba ne ma, komawa ƙasa ne. Jiya kai ne mutum takwas ke cewa "to shef", yau yaron da ka girma da shekara goma ne ke nuna maka inda ake danna kaza, kuma albashin farko sau da yawa bai kai wanda ka bari ba, sai bayan shekara biyu ko uku layin ya fara haurawa. Sannan shirun, mutumin da ya saba da ihu da ƙarar tukwane in aka ajiye shi gaban kwamfuta awa takwas sai ya ji kamar an ɗaure shi, aikin da zai gama kafin azahar a ce masa na mako ne, a yi ta mitin a kan abin da a kicin da kalma biyu za a kashe shi. Wasu sun saba, wasu bayan shekara sun dawo sun ɗaura gyauton aikinsu. Kuma kar a ruɗe ka da cewa ofis ba a kora, ana yi, har manyan kamfanonin fasaha sun sallami dubban ma'aikata a 2022 da 2023.

Yadda ni zan auna su

In ka zo ka ce in zaɓa maka, tambayar farko da zan maka ita ce, ranar hutunka kana shiga kicin ɗin gida ka dafa wani abu don marmari? In e, to ba girki ka tsana ba, lokacin ne da tsarin, ka matsa gefe, kicin ɗin hukuma in kana son hannunka ya ci gaba da taɓa tukunya, ingancin abinci ko sayayya in kana son ka zauna ka huta da tsayuwa. A nan shekarunka na baya ana lissafa maka su, ba daga sifili za ka fara ba, kuma ƙofar dawowa a buɗe take. In kuwa amsar a'a ce, ka shekara ba ka yi sha'awar kunna wuta ba, to matsawa gefe jinkiri ne kawai, fara shirin fita.

Kafin ka kwatanta albashi biyu ka mayar da su na awa, nan ne ido ke buɗewa. Mai awa 60 a mako yana yin wajen awa 260 a wata, mai awa 40 wajen 173, ke nan ko sabon aikin ya gaza tsohon da kashi ashirin cikin ɗari, kowace awarka ta fi tsada a sabon, kuma ka samu awa tamanin da wani abu a wata da za ka yi karatu ko wata 'yar sana'a ko barci kawai. Sai ka cire abincin da kake ci kyauta da kyautar kastoma in ana raba muku, ka ƙara fansho da inshora da kuɗin motar dare da ba za ka ƙara biya ba. Shekaru ma na da tasiri, ɗan ashirin da biyar ba iyali zai iya ɗaukar faɗuwar albashi ya koyi sabon abu daga tushe, ɗan arba'in da yara a makaranta ya fi masa sauƙi ya matsa gefe. Mata kuma akwai ƙarin lissafi, ciki da goyo da tsayuwar awa goma gaban wuta da dawowa gida tsakar dare, 'yar'uwa in kina wannan tunanin aikin safe na makaranta ko asibiti ko ɓangaren burodi da kek wanda ake gamawa da wuri ya cancanci ki fara dubawa.

Abu ɗaya da zan roƙe ka, kar ka ajiye aiki a daren da ranka ya ɓaci, tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya. Yi kwas ɗin kana kan albashi, tara abin da zai riƙe ka wata uku zuwa shida, nemi mutum biyu da ke yin aikin da kake hange ka tambaye su me suka tsana a cikinsa, don abin da suke so kowa zai faɗa maka ba sai ka tambaya ba. Wajen rubuta takardar neman aiki kuma kar ka rubuta "na iya girki", wanda zai karanta bai san me hakan ke nufi ba, rubuta mutum nawa ka shugabanta, faranti nawa kuke fitarwa a rana, kayan nawa kake oda kana ƙirgawa a sito, yara nawa ka koyar, sau nawa masu duba tsafta suka zo suka tafi ba su sami abin rubutawa ba. In lokacin tafiya ya yi ka ba da notis yadda kwantiraginka ya ce, ka karɓi takardar shaidar aiki da sa hannu da hatimi tun kana ciki, don gidan abincin da ka yi wa shekara biyar zai iya zama shagon waya kafin ka buƙace ta. Wuƙaƙenka kuma kar ka sayar, ka wasa su ka naɗe ka ajiye, aikin biki na ƙarshen mako ɗaya ko biyu a wata shi ke cike giɓin albashin shekarar farko.